Gwiwar Salmanu

Ƙanena Salmanu shekara uku yana shiga kokowar zaɓe a Gure, wadda ake fidda waɗanda za su je Damagaram neman takobin da ake ba zakaran kokowa, shekara ukun kuma gwiwarsa ce take kayar da shi. Ba don rashin ƙarfi ba. Zai ɗaga ƙato sama, 'yan kallo su miƙe da ihu, kafin bayan mutumin ya taɓa ƙasa sai ka ga gwiwar gogan naka ta riga shi sauka. Alƙalin wasa ya hura usur, ya ɗaga hannun wanda yake kwance.

Ni Dija na san inda ya samo wannan cuta. Mu makiyaya ne a wajen Bune. Tun yana ɗan saurayi Baba ya koya masa kayar da bijimi: ka kama ƙaho, ka murɗe wuya, ka bi shi ƙasa da gwiwa, ka danne. Wanda ya kayar da sa bai danne ba, bai yi komai ba. Jikinsa ya haddace haka, a filin kokowa kuma wannan faɗuwa ce.

Bayan kaye na uku ya tafi wurin Ɗan Kasuwa, tsohon ɗan kokowa mai sayar da igiya a Gure. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai ba ka kokowa da mutum, da sa kake yi," in ji shi. "In ka kayar, saki, ja baya, ɗaga hannu. Sai ka yi sau dubu kafin ƙafarka ta yarda."

Salmanu ba ya yin abu rabi. Ya cika tsumma da ƙarangiya ya ɗaure a gwiwa, don duk lokacin da ta sauka ta ji a jikinta. Da asuba ya hau tudun rairayi da gudu, da hantsi ya cika buhu da yashi, ya kayar, ya saki, ya ja baya, ya ɗaga hannu. Tatsar nono ma a tsugunne yake yi. Gaisuwar Baba da aka san shi da ita a durƙushe, ita ma ta koma tsugunno. In ba salla ba, gwiwar nan ba ta ganin ƙasa. Na yi ta yi masa tsiya, ina ce masa angon gwiwa. A raina kuwa ina alfahari da shi, don wata takwas ban ga ya yi fashi ba.

Saura kwana shida zaɓe, babban bijimin Baba ya kumbura a kafaɗa, aka ce sai an yi masa lalas. Baba ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja. Salmanu ya kama ƙaho, ya murɗe, bijimi ya zube tim. Ban taɓa ganin kaye mai kyau irin wannan ba.

Sai ya saki. Ya ja baya, ya ɗaga hannu.

Baba ya riga ya sunkuyo da ƙarfen, don shekara goma sha biyar bai taɓa duba ko ɗansa ya danne ba. Bijimin ya zabura ya miƙe, ya ɗauki Baba da ƙaho ya maka shi da ƙasa. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake tsaye. Salmanu kuwa hannunsa na sama tukuna, yana kallo, bai gane abin da ya yi ba.

Mai ɗori ya zo ya ɗaure ƙugun da ya karye, ya ja ni gefe ya ce Baba zai tashi, amma bin shanu ya ƙare. Na yi kuka, na zagi kokowa, na zagi Ɗan Kasuwa, na gaya wa Salmanu maganganun da har yau nake nadama. Ya ce dai ba zai je Gure ba.

Baba ne ya aika aka kira shi. "Ƙuguna ya riga ya tafi," in ji shi. "Kada ya tafi a banza. Je ka."

Ya je. Mutum huɗu ya kayar, gwiwarsa ko ƙura ba ta ɗauka ba. Aka sa sunansa cikin masu tafiya Damagaram. Waɗanda suka gani sun ce ko murmushi bai yi ba.

Ran tafiyar, mota ta tsaya a bakin hanya tana jiransa. Ya shigo bukkar Baba yin sallama. Ya tsaya jim a bakin tabarma, sannan ya zube gwiwa biyu a ƙasa, ya sunkuyar da kai.

Baba ya daɗe yana kallon gwiwoyin nan.

"Tashi, Salmanu," ya ce a hankali. "Kada ka ɓata abin da ka gyara."

Direba ya danna oda sau biyu, ya sake dannawa. Salmanu bai tashi ba. Ni da na fi kowa son ya zauna, sai na tsinci kaina riƙe da jakarsa a bakin ƙofa, na rasa wanda zan roƙa tsakaninsa da Baba.