Ƙwaƙwalwar Yaya Tanimu a Faranti

Daren jiya wani mafarki na yi, ni da na kwanta lafiya lau. Wai ga ni a ɗakin bincikenmu na jami'a, inda muke ƙera ƙwaƙwalwar mutum a cikin kwamfuta, mu matsa ta, mu girgiza ta, mu ga inda za ta fara yagewa. Sai dai kwamfutocin duk an ɗaure su a turke suna tuƙa, shugabar sashen kuma wata zabuwa ce mai tabarau.

"Yau ta gidanku za mu gwada," in ji ta.

Aka shigo da ƙwaƙwalwar Yaya Tanimu a faranti, tana rawa kamar ɗanyar awara. Yayan nawa ɗan acaɓa ne, hular kwanon da na saya masa kuwa albasa ake zubawa a ciki.

"Ladiyo, kin ci abinci?" ƙwaƙwalwar ta tambaye ni da muryarsa.

"Na ci, Yaya. Ka sa hula."

"Zafi ake yi."

Kwamfuta ta ƙi tashi sai da na dama mata kunu. Da ta sha ta yi gyatsa, ta zana titi a jikin rufin ɗaki. Farantin ya hau babur, ƙafa a sama, ya kwasa da gudu, har da ɗaukar fasinja. Zabuwa tana tafi da fukafukai, ni kuwa dariya har da riƙe ciki.

Sai ga rami ya tsallako titi bai duba hagu da dama ba.

Suka yi karo. Ƙwaƙwalwar ta karkaɗa gaba, ta karkaɗa baya, ta dawo ta zauna daram. A aikinmu, duk inda ya miƙe fiye da kima kwamfuta kan shafa masa ja. Jan da ya fito a ƙwaƙwalwar Yaya ɗan mitsitsi ne, a gefe guda.

"Sakamako ya yi kyau," zabuwa ta ce. "Me ake ajiyewa a nan wurin?"

Na durƙusa gaban farantin. "Yaya, sannu. Ka ji ciwo?"

"Ko kaɗan," ya amsa da fara'a. "Baiwar Allah, ina za a kai ki?"

Dariyar ta maƙale mini, tsoro ya kama ni. Na ce ni ce Ladiyo. Ya ce bai san unguwar ba.

Ƙarar babur ce ta farkar da ni, Yaya yana ta buga masa ƙafa a zaure. Ko ɗankwali ban nema ba. Na juye albasar Inna a tsakar gida, na bi shi da hular a guje.