Taurarin Gefe

Wayar ta sake ruri a aljihun Rilwanu daidai lokacin da yake ɗaga ƙafar mahaifinsa zuwa cikin Keke Napep a bakin titin Abakpa. Bai ɗauka ba sai da ya ga tsohon ya zauna daram, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, sannan ya shiga ya ce da mai keken, "Asibitin ido, wajen Mando. A hankali don Allah, tsoho na ɗauko."

"Wane ne tsohon?" in ji Malam Isiyaku. "Ni, ko kai da kake ta hamma tun asuba?"

Umaima ce a wayar, autarsu, wadda ofishinsu ya tura kwas Jamus, gobe kuma jirginta zai taso.

"Yaya Rilwanu, ka ji tsoron Allah. Jiya na zo shagon nan ka ce sai ka yi tunani. Yau ma ga ni, Baturen ya dire min kwalaye biyu a gaba yana ta murmushin dole. Filatina ko ridusa? Ɗaya fa na ce zan kawo maka tsaraba, akwatina ya cika maƙil."

"Ki ba ni zuwa la'asar."

"La'asar ɗin wa, taku ko tamu? Mutanen nan in sun rufe sun rufe ke nan, ba irin shagon Kawo ba ne da za ka ƙwanƙwasa a buɗe maka. Ka gaida Baba, ka ce ina nan tafe."

Duk wannan jan ran a kan wani gilashi ne da bai fi murfin gwangwanin tumatir faɗi ba. Rilwanu mai zanen taswira ne a ofishin safiyo, mutum mai sanyi, ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman majalisa. Cutarsa guda ɗaya ce: wani ɗan madubin hangen taurari mai tsawon hannu, wanda yake ɗaura wa kyamara a baya ya kafa a tsakar gida. Duk Abakpa in an ɗauke wuta tsaki ake yi, shi kaɗai ke cewa alhamdu lillahi, don a lokacin ne sama take ɗan yin duhu kafin maƙwabta su ja janareta su maido da fitilunsu.

To, madubin yana da aibi. Taurarin tsakiyar hoto suna fitowa tsaf kamar ƙwayar gero, na gefe kuwa sai su miƙe kamar shinkafa. Filatina ita ce gilashin da ake sawa tsakanin madubi da kyamara ta mai da na gefen su ma gero, amma ɗaukar hoton na nan da jinkirinta. Ridusa kuwa faɗaɗa hoton take yi, ta tara haske da sauri, abin da mai jiran a ɗauke wuta ya fi buƙata ke nan. Sai dai waɗanda suka gwada sun ce kusurwoyi kan yi duhu, kuma in tazararta da kyamara ta kauce ko da kaurin farce ne, shinkafar tana nan daram. Rilwanu ya karanta, ya kalli hotunan mutane, ya sake karantawa har idanunsa suka yi ja. In ya kwanta da filatina sai ya tashi da ridusa.

Ba kuma don kansa yake wannan wahalar ba. Bara, da idon Malam Isiyaku ya fara tsanani, ya iske ɗan nasa yana goge madubin, ya tsaya a kansa.

"Wannan bututun naka yana kamo Kaza?"

Kaza da 'ya'yanta yake nufi, taurarin nan da ke cure wuri ɗaya, waɗanda a ƙauyensu na ƙasar Zazzau ake dubawa a san damina ta kusa. Fitilun Kaduna sun daɗe da dusashe masa su, daga baya idon ya ƙarasa sauran.

"Yana kamowa, Baba."

"To ka kamo min ita in gani kafin abin nan ya gama da ni."

Tun a wancan satin Rilwanu ya kamo ta. Hoton na cikin wayar da ke aljihunsa yanzu haka, Kaza a tsakiya da shuɗin haskenta, 'ya'yan kewaye da ita. Bai nuna ba. Malam Isiyaku tela ne, ya yi shekarunsa a kan keken ɗinki a babbar kasuwa, kuma in aka miƙa masa riga ba ya kallon aikin wuya, juya ta yake ya fara da baki. 'Ya'yansa sun tashi suna ganin ana farke ɗinkin yini guda saboda lafin da ya karkace. Ina Rilwanu zai iya miƙa wa wannan mutumin hoto mai karkataccen gefe? Sai ya ce, "Baba, saura ɗan gyara." Ilham matarsa ta yi magana har ta gaji. "Haba Abban Haruna, ka nuna masa mana. Wa zai tsaya duba gefe?" Ya ce ita ba ta san Baba ba. Ana haka Kaza ta faɗi, damina ta sauka, gajimare ya rufe sama wata da watanni. Tsohon ya tambaya sau ɗaya, ya sake tambaya, daga nan bai ƙara ba.

A Kawo suka maƙale. Wata doguwar mota ta yi kwana a bakin tasha ta tare hanya, 'yan kamasho na ihun Zariya da Kano, hayaƙi na shigowa keken ta ko'ina. Rilwanu ya jingina kai da ƙarfe ya lumshe ido. Ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta. Ya gaji da layin asibiti, da neman izini a ofis, da ɗiga maganin da ba ya ganin amfaninsa, har da gilasan nan biyu da suka hana shi sakat.

"Mun zo Kawo," in ji Malam Isiyaku.

"Ka ga gadar sama, Baba?"

"Na ji warinta dai."

A asibiti suka karɓi kati suka zauna a dogon benci. Rana ta take, aka yi azahar, ba a kira su ba. Rilwanu ya riƙo hannun tsohon zuwa masallaci ya dawo da shi, suka tarar wata mata ta zauna a wurinsu, sai ya nema wa mahaifinsa gefen benci shi kuma ya tsaya. Saƙon Umaima ya shigo, hoton kwalayen biyu ne da alamar tambaya. Ya kashe fuskar wayar ya mayar aljihu.

Da aka kira su, wata ma'aikaciya ta zaunar da Malam Isiyaku gaban wata na'ura mai kama da ƙwarya, ta rufe masa idon dama, ta ɗora haɓarsa a kan mariƙi, ta sa masa wani maɓalli a hannu.

"Baba, tsakiya za ka riƙa kallo. Duk sanda ka ga ɗigon haske, ko ina ya fito, sai ka danna."

Rilwanu na tsaye a baya, yana hango cikin ƙwaryar ta saman kafaɗar mahaifinsa. Ɗigon haske ya bayyana a sama, ya ɓace. Wani a hagu. Wani a ƙasa, babba, wanda ko daga bakin ƙofa za a gani. Babban yatsan tsohon na kan maɓallin bai motsa ba.

"'Yata," in ji Malam Isiyaku bayan ɗan lokaci, "in kin shirya ki kunna."

Ma'aikaciyar ta ɗago ta dubi Rilwanu. Shi kuma ya dubi ƙasa.

Likitar mace ce mai furfura a goshi, da alama ita ma tun safe ba ta tashi daga kujerar ba. Ta haska idon, ta auna, ta duba sakamakon na'urar, sannan ta ce a fita da Baba ya sha iska. Da Rilwanu ya dawo shi kaɗai ba ta yi masa kwana-kwana ba.

"Hawan jinin ido haka yake, daga gefe yake ci yana shigowa ciki. Na dama ka san ya riga ya tafi. Na hagun, zuwanku na baya akwai ɗan fili a tsakiya. Yau abin da ya rage kaɗan ne ƙwarai, shi ma ya dushe."

"Amma Likita, a gida yana gane kowa. Yana zuwa masallaci."

"Da murya yake gane ku, hanyar masallaci kuma ƙafarsa ta haddace. Tsofaffin nan ba sa son a sani. Ku ci gaba da maganin, kada ku fasa. Amma abin da ya tafi ba ya dawowa, wannan ba zan ɓoye maka ba."

"Wanda ya rage ɗin, zai kai yaushe?"

"Allah ne masani," ta ce, ta jawo katin mai bi musu.

A baranda wayar ta sake ruri. Ya ɗauka.

"Yaya, sun fara kashe fitilu. Wallahi in ba ka faɗa ba zan rufe ido in ɗauki ɗaya."

"Bar su, Umaima."

"In bar wanne?"

"Duka biyun. Ki taho kawai."

Can ta ce, da wata murya daban, "Me likita ta ce?"

"Ki taho dai. Allah ya kawo ki lafiya."

Ya iske mahaifinsa inda ya bar shi, a kan bencin siminti ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, ya ɗora hannu biyu a kan sanda, fuskarsa na fuskantar wurin ajiye motoci. Rilwanu ya zauna kusa da shi. Kunya ce ta kama shi, da haushin kansa, lokacin da yake neman hoton. Ya ƙure hasken wayar.

"Baba, Kazar nan da ka ce in kamo maka."

"An gama gyaran?"

"Ba a gama ba. Tun bara take nan. Ga ta."

Malam Isiyaku ya juyo gare shi. Ya jingine sandar, ya goge tafin hannunsa a jikin riga, ya laluba ya karɓi wayar da hannu biyu. Ya kawo ta dab da hancinsa, ya karkatar da kai don idon hagu ya samu, ya matsar da ita sama, ya dawo da ita ƙasa, ya nisanta ta kaɗan. Ya daɗe a haka. Wani mai rake ya turo baro ya wuce, aka kira sunan wani a lasifika. Fuskar wayar ta rage haske kamar yadda take yi in an daɗe ba a taɓa ta ba, sannan ta mutu gaba ɗaya.

Rilwanu ya miƙa hannu zai kunna.

"Allahu akbar," in ji tsohon a hankali. "Ga ta nan kuwa. Ita ce."

Hannun Rilwanu ya tsaya a iska.

"Ka ga uwar a tsakiya? Haka take, ba ta canza ba. Ga 'ya'yan sun bi ta." Yana nuni da yatsa a saman baƙin gilashin, yana tafiya da shi daga wuri zuwa wuri. "Mu da muna yara, a kan rumbu muke hawa mu ƙirga su, kowa da adadinsa, har a yi dambe. Akwai wata 'yar ƙarama da ke raɓe a ƙasa, ita ce mai wuyar gani. Ka gan ta nan? Har ita ka kamo."

Rilwanu ya sunkuya ya duba. Ba komai a gilashin sai inuwar ganyen dalbejiya da rabin fuskar mahaifinsa. Ya janye hannunsa ya ɗora a gwiwa.

"Na gan ta, Baba," ya ce.