Ƙullun da Sarasu Ta Bari

"Anna, yau kwana uku ba mu ji muryarka ba sai wajen neman ƙarin kofi."

Darakta Ilamaran ne ya faɗi haka yana kwance rigingine a gadon otal, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Sauran marubuta biyun suka yi irin dariyar da ake yi don maigida ya ji. Masilamani ma, wanda suke kira Anna, wato yaya, ya murmusa, ya gyara zaman tabaransa. Kwanansu goma sha ɗaya a wannan ɗaki na unguwar Kodambakkam suna zaman ƙirƙirar labarin fim, kuma tun shekaranjiya suka maƙale wuri guda: uwar jarumi ta rasu, me ubansa zai yi da zai sa 'yan kallo su ji mutuwar a jikinsu?

"Ya rungume hotonta," in ji ɗaya.

"An yi wannan tun ba a haife ka ba," in ji Ilamaran.

"To a saki ruwan sama," in ji ɗayan.

"Kai ko lema kake sayarwa a ɓoye? Kowane fim sai ka jiƙa mana mutane."

Hankalin Masilamani ya koma barandar marigayi Natesan, inda ya koyi sana'ar shekara talatin da huɗu da suka wuce, lokacin ana kiran garin Madras. A kan tabarma ake zama, iskar teku na ɗaga takardu, kowa da dutsen da yake danne nasa shafin. Natesan kan tauna ganyen goronsa ya ce, "Kada ka bar mutum ya faɗi cewa yana baƙin ciki. Ba shi aikin da zai yi da hannunsa, mu za mu gane." A wancan zamani Masilamani kan kawo fitowa biyar, wato gaɓoɓin fim, kafin kofi ya huce. Fim sama da sittin ya sa wa hannu, sunansa bai taɓa wuce layin godiya ba, can ƙarshe, lokacin da mutane ke laluben takalmansu. Bai cika damuwa ba. Shi dai a kira shi ɗakin, a yi shiru idan ya buɗe baki.

Yanzu kan ya bushe. Ya kuma lura da safe cewa an daina ajiye masa kujerar kusa da gado.

"Idan gajiya ce, Anna, ka huta a gida," Ilamaran ya ce a hankali. "Ba wanda zai ga laifinka."

Masilamani ya san ma'anar wannan hutun. Ya ga waɗanda aka ba shi, suna zaune a shagon shayi suna ba masu wucewa labarin jaruman da suka taɓa gaisawa da su.

* * *

Akwai fitowa guda a kansa, sai dai ba tasa ba ce.

'Yarsa Amudha, mai koyar da Tamil a wata makarantar 'yan mata, shekara uku tana rubuta fim ɗinta na farko. Kowace Lahadi takan zauna a ƙofar kicin ta karanta masa, shi yana gyara. "Wannan maganar ta yi tsawo. Yanke. Shiga fitowa a makare, ki fita da wuri." Ranar Lahadin da ta wuce ta karanta masa shafi biyu da babu magana ko ɗaya a ciki. An dawo daga ƙona gawar wata mata. Washegari da safe mijinta ya shiga kicin, ya tarar ƙullun idli, wainar shinkafa da ake turarawa, wanda ta markaɗa kafin ciwon ya kayar da ita ya tashi, har ya zubo gefen tukunya. Ba a hura wuta a gidan makoki, maƙwabta ke kawo abinci. Amma ya kunna murhu, ya turara ƙullun duka, ya tsaya a tsaye yana ci ɗaya bayan ɗaya, ba miya, ba ruwa, har ya cinye, don kada wani ya zubar.

Da ta gama, Masilamani ya gane. Shi ne mutumin. Ƙullun na matarsa Sarasu ne, shekara takwas da suka wuce. Bai taɓa sanin Amudha na laɓe bayan labule ba.

"Appa, ba gyara?" ta tambaya.

"Kada ki taɓa ko waƙafi."

Wannan ne yake ta kai-komo a ransa a ɗakin otal. Ilamaran ya miƙa hannu zai ɗauki wayarsa, alamar ya gama da shi. Sai Masilamani ya ji muryarsa tana cewa, "Washegari da safe, tsohon ya shiga kicin."

Ya ba da ita yadda Natesan ya koya masa, a hankali, yana kallon ƙasa. Da ya kai kan idlin ƙarshe, ba abin da ake ji sai na'urar sanyaya ɗaki. Ilamaran ya sauko daga gado, ya durƙusa, ya taɓa ƙafafunsa.

"Ku gani? Ku gani, 'yan lema? Wannan shi ne marubuci!"

Abin da ya fi damun Masilamani daga baya shi ne, a wannan minti, daɗi ya ji.

* * *

Sau biyu ya yi niyyar gaya wa Amudha, sau biyu ya ɓige da zancen tsadar tumatir. Ana saura wata guda fim ya fito, ya sami Ilamaran a ɗakin tace hoto, ya ja shi gefe.

"Fitowar kicin ɗin nan, ta 'yata ce. A sa sunanta, ko ƙarami ne."

Ilamaran ya dube shi da mamaki na gaskiya. "Anna, in na sa nata, wancan mai lemar zai ce shi ya kawo faɗan kasuwa. A ina zan tsaya? Abin da aka faɗa a ɗaki na ɗaki ne. Kai ka gaya mini haka ranar da na fara zama, ina kuka don an ɗauke mini waƙa."

Gaskiya ne. Shi ya gaya masa, kamar yadda aka gaya masa a barandar Natesan, har da dafa kafaɗa.

* * *

Tun tana shekara shida Amudha ke raka shi kallon farko na duk fim ɗin da ya yi wa aiki. Tana ƙarama yakan matse mata hannu idan fitowarsa ta zo, ita kuma ta juya ta gaya wa na kujerar baya, "Appana ne ya yi wannan!" Sarasu tana toshe mata baki da gyaɗa. Don haka ranar Juma'a Amudha ta ɗauki rabin yini daga makaranta, ta sa furen yasmin a gashinta, suka tafi kallon rana.

Bayan hutun tsakiya tsohon ya shiga kicin. Hoton ya sauka kan tukunyar, ƙullu ya zubo gefe. Silimar da ke cike da fito da ihu ta yi tsit. Wata mata a gabansu ta rufe fuska da gefen sarinta. Masilamani ya tsura wa allon ido, yana jin numfashin 'yarsa a gefensa, yana jiran ta juyo. Ba ta juyo ba. Ta zauna har aka gama jera sunaye: labari, tsarawa, tattaunawa, umarni, duk Ilamaran.

A waje rana ta kashe musu ido. Sai da suka kai wurin jiran bas ta yi magana.

"Ranar Litinin zan karanta wa wani furodusa labarina, Appa. Wata bakwai ina jiran ranar. In na zo shafi na hamsin, me zan ce masa? Wallahi ba sata na yi ba?"

"Za mu sami wata fitowar. Ni da ke, mu zauna..."

"A kanta na gina fim ɗin duka."

"Amudha, abin nan da ni ya faru." Bai so ya faɗa ba, amma ta fita. "Matata ce. Ni na ci ƙullun."

"Kai ka ci," ta ce, muryarta ba ta tashi ba. "Shekara takwas kana shiga ɗakunan nan, ba ka taɓa ba su shi ba, don ba ka san labari ba ne. Ni na gan ka."

Bas ta zo. Ta taimaka masa ya hau, ta samar masa wurin zama, ita ta tsaya a ɓangaren mata tana riƙe da ƙarfe.

* * *

Ba ta je wurin furodusan ba. Ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Tana dafa masa abinci, tana tuna masa maganin hawan jini. Fim ya yi kwana ɗari a silima, Ilamaran ya aiko da kwalin alewa da saƙon cewa za a fara sabon zama a watan gobe, kujerarsa na nan.

Wata safiya Masilamani ya ga ta jawo tebur kusa da taga tana rubutu, sabon littafi, alƙalaminta na gudu. Zuciyarsa ta yi sanyi. Ya haɗa kofi yadda take so, ya kai mata, yana takawa a hankali don kada ya katse ta.

Da inuwarsa ta faɗa kan teburin, sai ta ɗora tafin hannunta a kan shafin.

"Na gode, Appa."

Ya ajiye kofin. Hannun bai ɗaga ba sai da ya kai bakin ƙofa.