Bindigar da Aka Kawo wa Ɗan Rasha

Shekara ta zagayo da rikicin Satumban 2001, amma a Jos ko salansar mota ce ta yi tari sai ka ga masu tumatir sun fara tattara kaya. Cikin wannan zaman ɗar-ɗar ne Ibrahima, wani mai fataucin shanu, ya tsaya da akori-kura a bakin garejin Abdulmalik da ke Titin Bauchi. Buhun dankali ɗaya ya sauke, bai yarda kowa ya kama masa ba.

Abdulmalik wan matarsa ne. Ba kowa ya san sunansa na yanka ba, Ɗan Rasha ake ce masa. A zamanin da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke zawarcin ƙasashen Afirka, kowacce na ɗibar samari zuwa makarantunta don kada ɗayar ta riga ta, shi sai rabonsa ya faɗa wajen Rashawa. Ya karanci injinan noma a birnin Minsk, ya dawo da harshensu a bakinsa. Ma'aikatar da aka ce tana jiransa ba ta daɗe ba ta durƙushe, ƙasar da ta koyar da shi ita ma ta wargaje, ya ƙare a gyaran tarakta da injin ban ruwan masu lambu.

"Yaya, mu shiga daga ciki," in ji Ibrahima.

A ɗakin ajiyar kayan aiki ya zazzage dankalin, ya jawo wani dogon abu naɗe da leda da tsohon zane. Kafin ya gama warwarewa Abdulmalik ya gane ta. Bindiga ce, ƙotarta ta tsage, tsatsa ta ci bakinta.

"A ina ka samo wannan?"

"A kasuwar kara, wajen wani mutumin Chadi. Ya ce tun yaƙinsu take binne. Na gwada ta a daji, ta ƙi tashi. Na ga rubutun jikinta irin na littattafanka ne."

"Ni tarakta na karanta, Ibrahima."

"Ƙarfe duk ƙarfe ne, Yaya." Ya yi ƙasa da murya. "Ranar da aka faɗa wa rugarmu, sanda ce a hannuna. Ina ji ina gani aka kore mini rabin garke. Ba zan sake tsayuwa da sanda ba."

Abdulmalik ya juya bindigar wajen haske. Ga tambarin masana'anta, ga shekarar ƙira, 1974, shekarar da shi kansa ya sauka a ƙasar yana makyarkyata cikin rigar aro. Ya tuna malaminsu da ke buga tebur yana cewa su garma suke ƙera wa duniya, Amurka ce mai sayar da yaƙi. Abokinsa da aka kai Amurka kuwa akasin haka aka karantar da shi. Ba sai an faɗa masa hanyar da bindigar ta biyo ba. Rashawa sun loda wa Libiya makamai, Libiya ta shiga Chadi da su, Amurka da Faransa suka ɗaure wa ɗaya ɓangaren gindi. Manyan sun daɗe da shiryawa, kayansu kuwa ga shi a cikin dankali.

Ya ja ƙarfen gefenta, ya ji inda ya cije. Abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan: ciwon ba wani babba ba ne. Kananzir da wuni guda sun ishe ta.

"Bar ta, zan duba," ya ce.

Tun daga ranar zama ya gagare shi. Ya tura ta ƙarƙashin benci, ya ga kamar kowa na kallon wajen, ya mayar da ita cikin rufi. Washegari motar sojoji ta tsaya a tsallaken titi, direban ruwa kawai yake nema, amma kafin su tashi Abdulmalik ya jiƙe da gumi. Ya sauko da ita ya nutsa a durom ɗin baƙin mai. Ya ɗaura wa wani mai lambu injinsa a baibai, sai da ya sake kwancewa. A gida matarsa Lubna ta tambaye shi ko gishiri ne ya yi yawa a miya, ya ce a'a, ya ture kwanon. In ya tuna ƙanwarsa Adama da 'ya'yanta a ruga, ba katanga ba ƙofa, sai ya ɗauko galan ɗin kananzir. In ya ɗauko kuma sai ya tsaya yana tambayar kansa wa za ta fara samu.

Akwai Dantong mai walda, Birom ne, da shi suke raba filin garejin tun kafin su yi furfura. An kashe ƙanensa a wajen Farin Gada lokacin rikicin. Abdulmalik ya je masa gaisuwa, daga nan ba wanda ya sake tayar da maganar. Wata Laraba da hantsi Abdulmalik ya leƙa rumfarsa.

"Ara mini gas ɗinka na yankan ƙarfe."

Dantong ya turo tukwanen da kansa har cikin ɗakin. Ya ga abin da ke kan benci yana ɗigar da baƙin mai.

"Na waye, Injiniya?"

"Ta gida ce."

"In ka yanka, ba ya haɗuwa fa."

"Na sani."

Dantong ya goge hannunsa a wando. "In ni aka kawo wa, ban san ko zan yanka ba. Gaskiya na faɗa maka." Ya kunna wutar, ya daidaita ta har ta yi shuɗi, ya miƙa masa, sannan ya fita ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon titi har aka gama.

Da Ibrahima ya dawo, guntaye aka nuna masa a cikin bokiti. Bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya, ya juya shi, ya mayar.

"Da ka ce ba za ka gyara ba, Yaya, ai sai in kai wani wuri."

"Shi ya sa ban ce ba."

"Ƙanwarka ce ke kwana a can, ba tawa ba." Ya shiga motarsa ya tafi, ya bar dankalin.

Kafin damina ta faɗi ɓarayi suka sake shiga rugar. Suka kora shanu, suka karya wa Ibrahima hannu. Ba a rasa rai ba, amma zaman wurin ya ƙare, suka yanke shawarar komawa wajen danginsa a Toro. Abdulmalik ya je ɗaukar kaya ba tare da an kira shi ba. Adama ta kawo masa ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum.

"Yaya, ban ce ka yi laifi ba," ta ce. "Amma ba kai ka kwanta da yara cikin kwazazzabo kana toshe musu baki ba."

Abdulmalik ne ya ja motar, Ibrahima na gefensa da hannu rataye a wuya. Sun wuce shingen sojoji biyu kafin Ibrahima ya yi magana.

"Da tana hannuna rannan, wataƙila da shanuna na nan. Wataƙila kuma da gawata suka bari, su ma da irinta suka zo." Ya gyara zaman hannunsa. "Mutumin Chadin nan ya ce rami guda ne cike da su. Ya ce ko jikokinmu ba za su ga ƙarshensu ba."

"Za ka koma wajensa?"

"Bari hannun ya warke tukuna."

Abdulmalik ya sauke musu kaya, ya ƙi tsayawa cin abinci. A hanyar dawowa ya tsaya a gefen titi, ya fito ya zagaya motar yana dudduba tayoyin da ya san lafiyarsu ƙalau, ya koma ya zauna da makulli a hannu. Sai da wata tirela ta matsa masa da oda sannan ya tayar da motar ya nufi Jos.