Kwat Ɗin da Aka Ɗinka Sau Biyu

Kwat ɗin farko ya ɓaci ne saboda ba a auna Uwaisu ba. Telan surukinsa ne, Baba Maccido, wanda ya shekara arba'in yana taka keke a bakin kasuwar Wurno. To ina mutum zai tsaya ƙerere gaban uban matarsa, ya ɗaga hannuwa, dattijo yana zagaya masa tef a ƙugu? Ba a yi. Sai ya yi yadda ya saba duk sallah. Ya naɗe tsohon kaftaninsa da sabon yadi, ya ba matarsa Bara'atu ta kai gida.

Abin da ya dawo kaftani ne mai kwala. Ya sauka har gwiwa. Hammata kuwa, a zuba kwanon albasa ta zauna daram. Wandon da zariya. A bakin aljihu dattijo ya ɗan yi aiki da zare, don kada a ce ya yi wa mijin ɗiyarsa ɗinkin ganin dama.

Bara'atu ta dube shi a tsakar gida, ta toshe baki da gefen zane.

"Yi dariyarki," in ji Uwaisu.

"Ni mi na ce? Baba dai ya ce ya sake maka shi don ka ji daɗin sujada."

"Sujada za su ce in yi masu can?"

Can ɗin Sakkwato ce. Wani kamfanin iri da taki ya kira shi ganawa ran Alhamis, suna neman wakili. Shekara shida takardarsa ta aikin gona tana kwance a akwati, shi yana noman albasa a Lahodu. Abokinsa Yazid da ke aiki can ya gaya masa a waya cewa kowa da kwat yake zuwa.

"Sai wani tela," in ji Uwaisu.

Dariyar Bara'atu ta ɗauke. "In Baba ya ji ka kai ɗinki wani wuri, ba shi ce maka komi. Amma ka san shi. Ba shi ƙara kallon inda kake."

Shi ya sa bai nemi tela a Wurno ba. Ran Lahadi da hantsi ya hau kabu-kabu zuwa Goronyo.

Telan farko hotuna ne cike da bangonsa. Ko kai bai ɗaga daga wayarsa ba, ya ce a aje yadi a dawo gobe. Uwaisu ya fita. Wanda bai dube ka ba, mi zai ɗinka maka? An riga an yi masa wannan.

Na biyu wani siriri ne, Zaharaddeen, a wani lungu bayan tasha. Shi ke ɗinka wa ma'aikatan madatsar ruwan garin. Bai taɓa tef ba sai da ya gama tambaya.

"Ina za ka da shi?"

"Ganawar aiki."

"Bayan nan fa? In sunka ɗauke ka, ofis za ka zauna ko gonaki?"

"Duka biyu."

"Babur kaka hawa?"

"Jirgi nika hawa," in ji Uwaisu.

Zaharaddeen ya yi dariya. Ya jawo yadi mai ruwan toka, mara nauyi. Ya ce baƙi na Turawa ne, a Goronyo mutum zai dahu a ciki. Wannan kuwa ya shiga ofis, ya shiga ɗaurin aure, in an tuɓe ta saman wandon ya tafi da kowace riga. Zai tsaga bayan rigar wuri biyu don zaman babur.

Sannan ya auna. Wuya, ƙirji, kafaɗa, gwiwar hannu, cinya. Ya sa shi ya zauna, ya sa shi ya duƙa, ya sa shi ya miƙa hannu kamar zai gaisa. Uwaisu bai taɓa sanin jikinsa yana da wuraren awo haka ba.

Ran Laraba ya koma ya saka. Ya daɗe gaban madubi. Ran Alhamis ya tafi Sakkwato. Kafin la'asar an ce ya fara aiki farkon wata.

Mai kabu-kabun da ya kai shi Goronyo ɗan Wurno ne. Ran Asabar Baba Maccido ya aiko a kira shi, ya ce kuma ya zo da kwat ɗin.

Uwaisu ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gefen keke, idonsa a ƙasa. Aka gaisa, aka yi barka da arziki.

"An ce Goronyo kat tai."

"Baba, wallahi..."

"Ban tambaye ka rantsuwa ba. Kawo."

Dattijo ya karɓa. Ya juya cikin waje. Ya shafa shafin, ya matsa kafaɗa da yatsa, ya kai ɗinkin kwala dab da idonsa. Uwaisu yana jiran a miƙo masa a juya masa baya.

"Ɗan banzan yaron ga ya iya," in ji Baba Maccido. "Mi yas sa cikin kafaɗag ga?"

"Ban sani ba, Baba."

"Bar min shi kwana biyu."

Uwaisu ya san abin da kwana biyu ke nufi a hannun tela. Amma tun da ya auri Bara'atu, dattijon bai taɓa roƙonsa komai ba.

"To, Baba."

Washegari Bara'atu ta je gida, ta dawo tana salati. Ta tarar da kwat ɗin shimfiɗe a tabarma, gunduwa ashirin da uku. Baba ya warware shi zare-zare, yana ɗora kowane yanki kan takardar buhun siminti yana zagayawa da alli, yana 'yar waƙarsa. Ta ce rabon da ta gan shi cikin irin wannan nishaɗi tun tana yarinya.

Ya mayar da shi, ya goge, ya aiko. Komai ya koma wurinsa, sai kafaɗar hagu. Ta ɗaga da faɗin yatsa biyu, kuma ba ta sake sauka ba.

Yanzu duk malamin makarantar da ke son kwat a Wurno wurin Baba Maccido yake zuwa, kuma sai an auna shi tsaf. In Uwaisu ya wuce bisa babur ɗin kamfani, dattijo yakan nuna shi da almakashi ya ce, "Ɗinkina na wancan." Ba ƙarya ya yi ba.

Shi kuwa Uwaisu, shekara uku ke nan yana rataye jaka a kafaɗar hagu, ko babu komai a cikinta.