Ƙahon Malama Safara'u

Shekara uku kafin mulkin kai aka fara turo mana ungozomar gwamnati garinmu Yako duk ranar kasuwa, wata Malama Safara'u. Tana da wani ƙahon katako da take kifawa a cikin mace don ta ji bugun zuciyar ɗa. Mu kuwa ƙaho ɗaya muka sani, na wanzami, kuma aikinsa tsotsa. Kafin ta sauke jakarta labari ya gama gari cewa ƙahon Bature yana zuƙe jinin ɗa tun yana ciki.

Wadda ta fi kowa baza zancen ita ce Iya Barakatu, uwar mijin wata mai ciki da ake kira Turai, mace ce da bakinta ba ya hutu. Turai ta yi ɓari sau biyu, ga na uku ya kai wata bakwai, kuma kwana uku ke nan bai motsa ba. An sha rubutu, an yi turare, shiru. Ranar kasuwa Turai ta ɗauki mayafi ta fita, tsohuwa ta bi ta da masifa har rumfar da ake duba mata.

Malama ta yi wa Iya bayani cewa ƙahon ba ya tsaga, ba ya tsotsa, kunne ne kawai aka ƙara wa tsawo. Iya ta ce ita ba a yi mata wayon 'yan boko, in gaskiya ne a fara da ita, tunda ba ta da abin asara. Ta miƙe a tabarma ta sassauta zane, muna leƙe. Malama ta kifa ƙaho, ta saurara tsakaninta da Allah, ta ce lafiya ƙalau, ɗan wake ne da yaji, kuma yana motsi sosai. Muka yi dariya har da riƙe ciki. Iya ta duba jikinta, ba shaci, ba jini.

Duk da haka ta ce ba mai sauraron jikanta sai ita. Malama ta laluba cikin Turai ta saita ƙahon, Iya ta kafa kunne. Ban taɓa ganin bakin matar nan a rufe ba sai ranar, kuma wallahi na tsorata.

"Iya?" in ji Turai.

"Yi shiru, 'yar nan," Iya ta ce, hawaye na gangarowa ta jikin katakon. "Yana nan. Sauri yake kamar an aike shi."

Malama ta miƙa hannu don ta karɓi kayanta, ga mata na jira. Iya ta ture hannun, ta ce su jira, ita ba ta gama ji ba.