Keken Sulle a Hannun Maiturare

Ni Hajo, mai ƙuli-ƙuli ta Kwanyawa, ban yi allo mai nisa ba balle boko, amma na san abin da yake nawa, kuma na san ranar da aka taɓa shi. Abin da aka taɓa shi ne keken ɗana Sulle. Autana ne, don haka ina kiran sunansa ba kunya.

Sulle ya je yaƙin Bama ya dawo da ƙafafunsa biyu, alhamdu lillahi. Abin da Turawa suka sallame shi da shi bai ɗinka manyan riguna da shi ba kamar 'yan uwansa sojoji. Ya tafi Kano ya dawo a kan baƙin keke mai ƙararrawa, mai kariya ta ɗaukar kaya a baya, ya je En'e aka ɗaura masa lamba. Tun daga ranar na daina jiran 'yan sari su zo ƙofar gida su yi mini tayin wulaƙanci. Ni in soya gyaɗa in matse mai, shi ya ɗaure garwa biyu a kariya ya kai Rogo ran kasuwarta, ya kai Karaye ran tata. Keken nan shi ne gonarmu, shi ne jakinmu. Ni kaina in na gan shi jingine a zaure ya yi ƙura, ba na iya wuce shi sai na ɗauki tsumma.

A hanyar Rogo akwai wani gari. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai mutanen kirki a ciki. Gidan dagacinsu yana daidai gindin wani gangare. Kowa ya san al'ada: mai keke in ya iso ƙofar dagaci sai ya sauka, ya tura, ya yi gaisuwa, in ya wuce ya sake hawa. Shekara biyu Sulle yana sauka a nan.

Ran wata Laraba, azahar ba ta yi ba, sai ga shi ya shigo a ƙafa. Ba keke, ba garwa, kunci ɗaya ya tashi.

Na ce, “Ina keken?”

“An karɓe, Inna.”

“Uban wa ya karɓe?”

“Maiturare, baran dagaci. Na wuce su ban sauka ba.”

“Kai kuma don me?”

Ya sunkuyar da kai. “Birki ne ya ƙi kamawa a gangaren. Na wuce ina ta sallama da ƙarfi, sai a yashin rafi na tsaya. Na dawo in ba da haƙuri, suka ce raini ne irin na tsofaffin soja.”

“Me ya sami birkin?”

“Ƙaddara ce, Inna.”

Daga haka ya tsuguna. Namiji da ya tsaya gaban harsashi, ga shi yana wasa da yatsa a ƙasa kamar budurwa.

Sau uku ina taka hanyar nan da ƙafata. Sau uku Maiturare yana tare ni a ƙofa, dogo, mai farin wando, ƙamshi yana riga shi isowa. Ran farko ya ce dagaci yana hutawa. Ran na biyu ya ce dagaci ya tafi rangadi, alhali ina jin tarinsa daga zaure. Ran na uku ya ce, “Tsohuwa, keke yana nan a ajiye, ba wanda ya taɓa shi. Sai sojanki ya koyi ladabi.”

Na ce, “Ladabin naka ne na marin mutum a bainar jama'a? Allah ya isa tsakanina da kai, da kai da turaren.”

A gida mai ya taru a tukwane, ƙuli ya fara sanyi. 'Yan sari suka ji ƙishin-ƙishin, suka dawo suna mini murmushi a ƙofa. Wannan murmushin ne ya kai ni Karaye.

A bakin kasuwar Karaye akwai wata ceɗiya. A gindinta Shitu mai gyaran keke yake zama, shi masu keke suke kira Sarkin Keke, ko da yake ba wanda ya naɗa masa rawani. Duk mai keke daga Kafin Dafga har Rogo nan yake yada zango. Na tarar da su sun kai goma sha, wani yana faci, wani yana ba taya iska, wasu suna cin gyaɗa suna gardama a kan wanda ya fi gudu.

Na yi sallama, muka gaisa, aka tambayi gida da gajiya. Shitu ya ce, “Iya Hajo, yau ke da kanki? Ko sirdi za a sassauto miki?” Suka fashe da dariya.

Na ce, “Ku yi dariya da kyau, gobe naku za a karɓe.”

Sai suka dubi juna. Ashe duk sun san zancen, kuma ashe kowa da tabonsa. Gwadabe mai goro ya ce nasa ya yi kwana tara a wancan gidan, aka dawo masa da shi feda ɗaya. Wani ɗan koli ya ce shi da idonsa ya ga baran dagacin a kan kekensa ya tafi zance. Wani ya ce nasa a ruwan sama aka bar shi har sarƙa ta yi tsatsa.

Na ce, “To da aka yi muku haka, wa kuka kai wa ƙara?”

Gwadabe ya ce, “Iya, ai talaka sai haƙuri.”

“Haƙurin banza. Lambar da ke jikin kekunanku, ta ado ce? An karɓi haƙƙin hukuma a hannunku, a bar ku ku bi hanya mana! Ga ku nan ƙarti, ƙwauri kamar taɓarya, amma zuciya ta kaza. Ni zan je gaban wakilin hakimi. In an kore ni, a kore ni. In kun ga tsohuwa ta tafi ita kaɗai, ku zauna ku ci gyaɗarku.”

Shitu ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. Can ya ce, “Sulle bai taɓa wuce mai faci a hanya bai tsaya ba. Ku tashi.”

Haka muka tafi, ni a gaba, su a baya kowa yana tura kekensa. Wakilin hakimi, Malam Falalu, mutum ne mai sanyin magana. Ya saurare ni har na gama, ko da yake sau biyu ɗan doka yana ce mini in rage murya. Ya ce a aika wa dagaci, jibi a zo da keken da wanda ya karɓe shi.

Jibi ta yi, zaure ya cika. Sulle yana gefe, kai a ƙasa. Sai ga Maiturare yana turo keken, yana ɗingishi. Da na ga keken sai da na dafe ƙirji. Wilin gaba ya lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai, ƙararrawa babu.

Malam Falalu ya ce, “Me ya sami ƙafarka?”

“Ranka ya daɗe, jaki ne ya harbe ni.”

“Keken fa? Shi ma jakin ne?”

“Haka sojan ya kawo shi, Allah ya ba ka nasara. Tun da muka ajiye shi ba wanda ya hau.”

Sulle ya ɗaga kai zai yi magana, ya fasa. Maganar bara da ta tsohon soja, kowa ya san wadda ta fi nauyi a zaure. Ni kuwa idona yana kan farin wandon nan. A bakin ƙafarsa ta dama akwai wani tabo, an wanke bai fita ba. Na rarrafa na kama wandon na kai hanci.

Ya yi tsalle. “Ke, lafiya? Ranka ya daɗe, a raba ni da matar nan!”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ƙarya yake. Wannan man gyaɗa ne, kuma nawa ne. Shekara talatin ina matsar mai. Ni nake barin gyaɗa ta yi ja kafin in sauke, duk Kwanyawa ba mai irin ƙamshinsa. Ko tulun turare ya juye a kai zan gane abina. A jikin keken ya kwaso shi, kuma wando ba ya shafar sarƙa sai an hau.”

Masu keke suka ɗauki guna-guni. Malam Falalu ya ɗaga hannu. “To, Iya, yaya aka yi manki ya je jikin keke? Garwa ce ta zuba?”

Na gyara zama, don abin alfahari ne a wurina. “Garwata ba ta zuba. Ni na shafa masa da hannuna, ran Talata da la'asar, Sulle yana masallaci. Na ga ya yi furu-furu. Na shafe shi tas, da sarƙar, da ƙarafunan wili gaba da baya, har da 'yan robobin nan da suke ƙara in an matse su. Sai da ya yi sheƙi kamar goshin amarya.”

Shitu ya ɗora hannu biyu a ka. “Inna lillahi! Har robar birki, Iya?”

“Har ita. Ai ta daina kukan.”

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Gwadabe har da kwanciya. Ɗan dokan da ke hana ni ɗaga murya ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Ni kaɗai ce ban san abin dariya ba.

Shitu ya ja keken zuwa tsakiyar zaure, ya ɗaga bayansa, ya juya feda, ya matse birki iya ƙarfinsa. Wili ya ci gaba da juyawa abinsa. Ya ce, “Ranka ya daɗe, birki da kaushi yake kamu. Sarƙa ce mai shan mai, ita ma baƙin mai. In roba ta sha man gyaɗa, ko Sarkin Aljanu ne a kai ba zai tsaya a gangaren nan ba.” Ya dubi ƙafar Maiturare. “Ina jin jakin da ya harbi wannan ma a gindin gangaren yake kiwo.”

Na juya wajen Sulle. “Ka sani?”

“Tun a yashin rafi na sani, Inna. Na shafa na ji.”

“Shi ne ka yi shiru aka mare ka?”

“Da in ce a gaban mutane uwata ce ta jawo, gara marin.”

Wallahi na sha zagi a duniya, ban taɓa jin wanda ya shige ni kamar wannan maganar ba. Kwana goma sha ɗaya ina yawo ina tsine wa mutane, ashe farkon ɓarnar a tafin hannuna take. Amma kunya ba ta hana ni ganin hanya ba. Na matsa gaba na durƙusa.

“Ranka ya daɗe, ka ji da kunnenka. Ɗana bai raina kowa ba. Mai laifi ga ta nan. In ɗauri ne a ɗaure ni, ni ba na kai mai Rogo. Amma jahilcina bai ba wani izinin hawa abin da ba nasa ba, bai ba shi izinin mari ba. Kuma waɗannan da ke bayana, su ba uwarsu ce ta shafa musu mai ba, amma an cinye musu feda.”

Malam Falalu ya shafa gemu, ina ganin yana danne murmushi. Ya ce a mayar wa Sulle kekensa da garwarsa biyu, gyaran wili kuma a wuyan Maiturare, kuma ya nemi gafarar marin a nan take. Ya nema, murya kamar ta sauro. Sannan Malam Falalu ya ce sauka a ƙofar manya tana nan, ba a tashe ta ba. Amma daga yau duk keken da aka riƙe saboda wani laifi, ba zai kwana a gidan kowa ba. A kawo shi gindin ceɗiya a gaban shaidu, Shitu ya cire sarƙar ya ajiye, har a saurari mai shi.

Ya ƙara da cewa, “Ke kuma, Iya, hukuncinki: tsakaninki da keken nan sai kallo.”

Yini guda Shitu ya yi yana miƙe wilin, yana ɗaure wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, yana juyawa yana kanne ido. Ya wanke ƙarafunan da kananzir, ya sa sabuwar roba. Masu keke suka yi ta ba ni wurin zama suna kirana Uwar Birki. Na ce su ci gaba, bakinsu ne.

Ran kasuwar Rogo na ce sai Sulle ya ɗauke ni a kariya, garwa ɗaya ta isa yau. Ban taɓa hawa ba, na riƙe rigarsa ina ta salati. Da muka kai gangaren ya matse birki, robar ta yi kukan nan nata, ƙiii, keke ya tsaya cak. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba.

Muka sauka, muka tura. Dagaci yana zaune a ƙofa, tsoho ne tukuf, ya amsa gaisuwarmu da fara'a, har ya tambayi ƙuli. Maiturare yana bayansa yana kallon sama. Sulle ya kama hanya zai wuce, na ce ya dakata.

“Ranka ya daɗe, saura ƙararrawa.”

Dagaci ya waiwaya ya dubi baransa. Na shimfiɗa gefen zanena na zauna a inuwa, don ban ga abin sauri ba.